Sunan da Na Kira a Cikin Dawa

Ɗana na fari yana da shekara bakwai ko kusa da haka lokacin da ya fara binciken ko na san sunansa. Ba da wasa yake yi ba. Yaro ne mai son ganin ƙarshen abu, irin wanda zai kwance rediyo don ya ga inda mutanen ciki suke zama. Da ya lura cewa tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunan nan a bakina ba, sai ya ɗauki maganar ya sa a gaba.

Gaskiya ne kuwa, ban taɓa faɗa ba. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce, haka na tashi na ga uwata tana yi wa yayana. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in tana nemansa sai ta ce, "Ina wancan?" Ni ma da abin ya zo kaina ban zauna na yi shawara da kowa ba, bakina ne kawai ya ƙi. "Kai" nake ce masa, in yana nesa in ce "kai yaro", in hira ta biyo ta kansa in ce "babban". Ubansa shi ma ɗan farinsa ne, don haka "Malam" yake ce masa. Kakarsa, wato uwar mijina wadda duk muke kira Inna, "maigida" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Ƙanwarsa Yaya take cewa, ƙaramin kuwa yana goye bai iya magana ba. Sunan da aka yanka rago dominsa, sai a makaranta da filin ƙwallo yake jin sa.

Ita kuwa ƙanwar, mai bi masa, sunanta a bakina yake kwana a bakina yake tashi, don Allah ya zuba mata ƙiriniya. Ni ina ganin yawan kiran nan faɗa ne. Shi ashe gata yake gani.

A Kaura Namoda muke zaune, mijina yana koyarwa, ni ina ɗinki a gida. Maƙwabciyarmu Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya, mace mai son mutane da ƙatuwar murya. Ita ba ta san wata kunyar ɗan fari ba. Nata ɗan farin tun safe take rangaɗa masa kira har dare, ni kuma in za ta ari gishiri sai ta leƙo ta katanga ta ce "Maman wane", ta kama sunan ɗana ɗungurungum. Duk ranar da ta yi haka ji nake kamar in shige ƙarƙashin keken ɗinki. Yaron kuma yana tsaye yana kallon bakinta yana kallon nawa.

Sai ya shiga kafa mini tarko. Zai fasa kofi da gangan ya tsaya kusa, don in ubansa ya tambayi wanda ya yi in faɗa. Sai in ce, "Ga shi nan tsaye." Ya jawo wani abokinsa mai irin sunansa har tsakar gida ya ce in gaishe shi, na ce, "Sannu takwara." Da dabarun suka ƙare, wata rana ina tsakiyar yankan atamfa ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Mama, mance sunana kinka yi?" Na ce ya tashi ya ba ni wuri, kayan mutane nake yanka. Bai tashi ba. Ya rage murya kamar mai rufa mini asiri ya ce, "In kin mance in hwaɗa miki, ba ni gaya ma kowa." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

A cikin kakar shekarar ne ubansu ya fito da maganar kwanan gona. Gonar gidansu tana bayan Moriki, kuma duk kaka Inna takan tattara ta koma can ta zauna a bukka har a gama cirar gyaɗa da roron wake. A waɗancan shekarun ana kwana a gona, ba abin da ake tsoro sai maciji da kunama, ko da yake an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin ɓarayi masu kora shanu a ƙauyukan nesa. Da can mijina kaɗai yake zuwa ƙarshen mako ya kama mata aiki. Wannan karon ya ce duk za mu, don ya ji 'yarsa tana gaya wa wata cewa a injin niƙa ake haƙo gari.

Na yi gardama. Ni haifaffiyar cikin gari ce, kusa da tashar jirgin ƙasa na girma, ban taɓa kwana a inda ba ƙofa ba. Amma can ƙasan raina ina so in gani. Shekara da shekaru ina cin hatsin gonar nan, ban san ko ta wace fuska rana take fito mata ba. Maƙwabciyata ta ba mu aron tampol da babbar tocila, tana ta dariya wai 'yan birni za su yawon buɗe ido. Na naɗe gidajen sauro da tabarmi, na ƙulla gishiri da daddawa da barkono, muka fita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Mota ta sauke mu a Moriki, daga nan muka hau amalanken shanu. Yaran ba su taɓa hawa ba. Yarinyar ta riƙe zanena tana ihun murna duk inda taya ta faɗa rami, babban kuwa ya matsa can gaba yana tambayar ubansa yadda sa yake gane dama da hagu, da dalilin da ya sa aka huda musu hanci, da ko suna jin Hausa ko Fillanci kawai suke ji. Ni kaina na kasa kunne, don ban san amsar ko ɗaya ba.

Bukkar Inna ta kara ce da zana, a gindin wata aduwa, ga murhu na duwatsu, ga tulu an binne gindinsa a ƙasa don ruwa ya yi sanyi. Ta gefe ɗaya filin gyaɗa ne da wake, a buɗe. Ta sauran gefen kuwa dawa ce tsaye, ta fi mutum tsawo ko ya ɗaga hannu, gonar wannan ta shige ta wancan ba shinge ba alama. Ubansu ya ɗaure tampol daga reshen aduwa zuwa wasu itatuwa biyu da ya kafa, muka rataya gidajen sauro a ƙarƙashi. Yarinyar ta zagaya shi ta dawo ta ce ina ƙofar. Aka ce babu. Ta ce to ina bayan gida. Inna ta miƙa hannu ta shafo dajin gaba ɗaya ta ce, "Zaɓi inda kika so, duk naki na."

Asabar ɗin ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Babban ya tsuguna a kan gyaɗar da ubansa ya tumɓuke yana jujjuya ta, don shi a zatonsa a bishiya take rataye kamar mangwaro. Ni na san a ƙasa take, amma ban san cewa furen ne yake fitowa a sama sannan ya sako wani siririn abu ya nutsa cikin ƙasa ya zama kwanso ba. Inna ce ta nuna mana, muka duƙa ni da shi kai da kai muna kallo. Aka tara busasshen kara aka babbake gyaɗar da ɓawonta, muka ci har bakinmu ya yi baƙi. Wasu matan Fulani suka wuce da ƙwarya muka sha fura da nono mai tsami. Ubansu ya shiga cikin dawa ya karyo musu takanda, irin karan nan mai zaƙi da ake sha kamar rake, suka wuni suna tauna suna tofar da tuƙa.

Sai dai a gaban Inna kunyata ninkuwa take yi. A Kaura, in ba kowa, nakan shafa kan yaron in gyara masa wuyan riga. A gaban uwar miji ko kwanon abinci ba na miƙa masa da hannuna, sai in ba ƙanwarsa ta kai. Ba wai Inna ta taɓa ce mini komai ba. Ido kawai gare ta, kuma na san in na saki jiki za a ji a ƙauye cewa matar wane ta birni ba ta da kunyar ɗa.

Da la'asar ƙarangiya ta cika masa ƙafar wando, wata ƙaya ta soke shi a yatsa. Ya taho da gudu wurina yana nuna mini jini. Na kalli Inna ta gefen ido na ce, "Tahi wurin kakarka ta cire maka." Ya tafi. Ba a daɗe ba yarinyar ta taka irin ƙayar, na ɗauke ta na ɗora a cinya, ina hura mata ƙafar ina kiran sunanta ina lallashi. Da na ɗago, yana tsaye da yatsansa a baki yana kallonmu. Ba fushi a fuskarsa. Irin kallon da yake yi wa rediyo kafin ya kwance shi ne.

Bayan magariba, mun ci tuwon gero da miyar yakuwa muna zaune a tabarma, sai ya matsa jikin kakarsa ya ce, "Inna, ni wa ya haihe ni?"

Inna ba ta raina wasa da jika. Ta gyara zama ta ce, "Af, ba a hwaɗa maka ba, maigida? Ai tsinto ka munka yi. Ka ga waccan giginya?" Ta nuna wata doguwar giginya da kanta ya fito can sama da dawa, tana baƙi-baƙi a jan sararin yamma. "Gindinta munka ishe ka, tsirara, kana tsotson yatsa. Na ce wanga ya yi mijin aure, in kai ma matar ɗana ta riƙa mini shi."

Ubansu ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, don wasa ne da ake yi wa kowane yaro, ni kaina an ce mini a kasuwar Shinkafi aka sayo ni. Yaron bai yi dariya ba. Ya zuba wa giginyar ido har duhu ya haɗiye ta, sannan ya shige gidan sauro bai ce wa kowa sai da safe ba.

Na yi barci fiye da yadda na zata. Da asuba ubansu ya loda buhunan gyaɗa a amalanke ya tafi kai su ƙauye, ya ce zai dawo kafin azahar mu kama hanyar gida. Inna ta shiga roron wake tun raɓa ba ta bushe ba, ni na yi wa ƙaramin wanka na ɗora kunu. Sai da hantsi ya fito, na zuba kunun a kofuna, na ga kofi ɗaya ba mai ɗauka. Na tambayi yarinyar ina Yayanta.

Ta ce, "Ya tahi ganin gidansu."

Na ce, "Wane gida?"

Ta ce, "Inda anka tsince shi. Ya ce in ban hwaɗa ba shina kawo mini giginya."

Daga bakin bukka giginyar kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Inna ta yar da ƙwaryar wake ta taho, ta tsaya a bakin dawa tana kira, "Maigida! Maigida!" Muryar tsohuwa ce, ba ta wuce kunyar gona biyu ba tari ya sarƙe ta. Ta karɓi goyon daga bayana ta ce, "Ke shiga, ni in riƙe ɗiyan ga. Ki ba rana baya."

Wanda bai taɓa shiga tsakiyar dawa ba ba zai gane ba. Taku kaɗan na yi na waiwaya ban ga bukka ba, na ɗaga kai ban ga giginya ba. Kara ne gaba, kara baya, ganye yana yankar hannu da fuska, ƙura-ƙuran zangarniya suna zubo mini a wuya. Ko iska ba ta shiga. Na fara tafiya ina kira, "Kai! Kai yaro!" Ina ji da kunnena yadda kiran ba shi da kan gado, amma shi ne abin da bakina ya saba.

Can sai na ji an amsa, "Na'am?" Don murna na kutsa, sai na tarar da wani dattijo yana yankan harawa a gefen gonarsa. Ya miƙe da lauje a hannu ya ce, "Baiwar Allah, wane yaro kika nema? Duk gonakin ga cike suke da yara." Na ce yaro ne ɗan shekara bakwai da jar riga, jikan tsohuwar da ke gindin aduwa. Ya ce, "Mi as sunanshi, in taya ki kira?"

Na buɗe baki na rufe. Ina tsaye, ɗana ya ɓata a daji, amma wallahi sai da na sunkuyar da kai. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗan hwari na?" Na ce i. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba, don da matarsa ce ma haka za ta yi. Ya nuna mini inda giginya take, sannan ya ce, "Ki bi nan. Ni bari in duba ta tsohuwar rijiya, ciyawa ta ruhe bakinta bana."

Kalmar rijiyar nan ce ta fizgo sunan. Ban yanke shawara ba, ban ma san na buɗe baki ba, sai ji na yi ya fito. Na farkon ya fito a karkace kamar sunan baƙo. Na biyun ya fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har tsuntsaye suka tashi daga kan zangarniya. Daga nan na ɓalle. Ina gudu ina ture kara ina kira, na san Inna tana ji, na san duk mai gona a yankin yana ji, ban damu ba. Duk abin da aka taɓa faɗa a gabana na maciji da rijiya da mutanen da ke kora shanu ya dawo mini lokaci ɗaya. Na kira har maƙogwarona ya fara ɗaci, ba a amsa ba.

Da numfashi ya ƙare na tsaya na dafa gwiwa, sai na ga tuƙar takanda a ƙasa, ɗanya, ƙudaje ba su ma gama taruwa a kai ba. Na ga wata a gaba. Na bi su a hankali, na daina kiran saboda murya ta tafi. Ban yi nisa ba na hango jar riga.

Yana tsugune a tsakanin kunyoyi, ya rungume gwiwa, ya toshe bakinsa da hannu biyu, idanunsa a runtse. Da na matso na ji yana karanta Ƙulhuwallahu ta cikin yatsunsa, yana kai ƙarshe yana sake farawa. Wurin bai fi jifa da dutse ba daga inda na tsaya ina ta ihu. Duk kiran nan a kunnensa na yi shi.

Na cafki kafaɗarsa. Ya yi tsalle ya ƙwalla ƙara, ya buɗe ido, ya dubi fuskata, sannan ya dubi ƙafafuna, don an ce na aljanu kofato ne. Sai da ya ga silifas ɗina ya faɗo jikina.

Tsoro yana sakina fushi ya kama ni. Na ɗago shi na girgiza na ce, "Kana jina ina ta kira kac ce ba ka amsawa? So kake ka kashe ni?"

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "To mi ya hana ka amsa?"

Kowane yaro a ƙasarmu ya san cewa in kana daji ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, ba a amsawa, don iskoki sukan ari muryar wanda ka sani. Ni ma da haka aka raine ni. Ban taɓa zaton dokar za ta juyo kaina ba. Ya share hanci da bayan hannu ya ce, "Muryar irin taki ta. Da kinka ce kai yaro na so in amsa, ban san ta inda kike ba. Amma da anka kira sunana sai na gane ba ke ba ta. Ke ai ba ki kira nai."

Na zauna a ƙasa. Ya faɗi maganar ne ba da zargi ba, yadda yake gaya mini cewa gyaɗa a ƙasa take. Ya yi lissafinsa tsaf, kuma lissafin daidai ne. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin ta gaban suruka ba, na kuma ji tausayinsa. Na jawo shi na ɗora a cinya, ƙaton yaro ƙafafunsa suna jan ƙasa, na yi kuka shi ma ya taya ni.

Da muka natsu ya ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Tun kai ba ka san shi ba na san shi."

Ya ce, "To tsinto ni anka yi ko ko?"

Na ce masa ni na haife shi, a asibitin Kaura, ana tsakiyar damina, kuma na sha wuyar da har yau in hadari ya taso sai bayana ya tuna. Na ce kakarsa wasa take yi, ita ce ma ta fara yi masa wanka. Ya saurara da kyau yana gyaɗa kai. Sannan ya ce duk da haka yana so ya ga gindin giginyar, tunda mun zo kusa.

Na so in ce a'a, amma ni ma ina so in gani. Muka kama hannu muka bi inda dattijon ya nuna, sai ga ta. Ba komai a wurin sai kashin awaki da busassun ganye da 'ya'yan giginya da suka faɗo suka fashe. Ya zagaya ta, ya tona ƙasa da kara, ya ɗaga kai ya auna tsawonta, ya ce ba wurin da jariri zai kwanta a nan tururuwa ba su cinye shi ba. Ya zaɓi giginya ɗaya mai kyau don ƙanwarsa. Daga nan muka jiyo dattijon yana tambaya daga nesa, na ɗaga abin da ya rage na muryata na ce an gan shi, ya ce alhamdu lillahi.

Za mu juya sai yaron ya riƙe zanena ya ce, "Mama, sake hwaɗi. Ba da ihu ba. Yadda kika kiran ƙanwata in za ki ba ta abinci."

Na duba dama na duba hagu. Ba kowa sai dawa. Na faɗa, a hankali. Ya ce, "Na'am," da wata murya ta manya, ya yi gaba yana ture mini kara.

Da muka fito, Inna tana zaune a bakin bukka da goyo a cinya, idanunta sun yi ja. Ta jawo shi ta shafa shi tun daga kai har ƙafa tana cewa, "Maigida, haka ake yi? Ka tahi ka bar mata ba sallama?" Ta gaya masa da bakinta cewa ƙarya ta yi masa jiya. Sannan ta ɗauki ƙwaryar wakenta, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ni dai na ji wata mata tana ta ihu cikin dawa ɗazu. Ko matar wa ta, oho. Baƙuwa ta, ina ji." Na ce ni ma na ji ta, Inna. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, kuma ban ji ta a bakin kowa a ƙauye ba.

Na ɗumama kunun da ya huce. Da zan ba shi, bakina ya koma gidansa na jiya, na ce, "Kai, zo ka ɗauka." Amma da hannuna na miƙa masa, a gaban Inna, ya karɓa yana murmushi cikin kofi.

Ba mu sake kwana a gonar nan ba. Bayan 'yan shekaru hanyar ta lalace, aka daina kwanan gona, daga baya ma noman wurin ya gagara. Yaron ya girma, yanzu yana karatu a wani gari mai nisa, kuma duk ranar da zai taho gida ko zai koma ba na iya cin abinci sai na ji ya sauka. Har yau a gaban mutane "kai" nake ce masa, ba na jin zan canza, ba na kuma ganin uwata ta yi laifi.

Sai dai yana da wata ɗabi'a in ya bugo waya. Muna cikin magana sai ya yi ɗif, kamar layi ya yanke. In ce, "Kai, kana jina?" Shiru. In ce, "Kai yaro?" Shiru, alhali ina jiyo numfashinsa da hayaniyar 'yan ɗakinsu. Na san abin da yake jira, shi ma ya san na sani. Sai in ajiye almakashi, in tashi daga kan keke, in shige ɗaka in tura ƙofa, in kira shi.